Sunan Surukina a Filin Yaƙin Greensboro

Na yi shekara shida a Greensboro ban san an taɓa yaƙi a garin ba. Kullum ina bin titin Battleground in tafi aiki in dawo, ban taɓa tambayar kowa abin da ke bayan itatuwan nan ba. Karatuna bai wuce aji huɗu na lakwal, wato makarantar boko, ba a Matamaye, shi ma da Faransanci. Kuma wanda ya wuni yana loda kwalaye a cikin tirela ba ya dawowa da sauran ƙarfin tambayar tarihi.

Surukina, mahaifin matata, ya zo mana daga Daura a shekarar 2005 don a duba masa ido. Na hagu ya mutu tun a gida. Na dama likita ke ƙoƙarin riƙewa, ciwon nan da suke kira hawan jinin ido. An yi aiki na farko, aka ce sai an yi na biyu, amma sukarinsa ya ƙi sauka, aka yi ta ɗagawa. Wata shidan da aka buga masa a fasfo suka ƙare. Muka nemi ƙari, ba a ba mu ba. Daga ƙarshe likita ya sa watan Mayu na shekara mai bi. Muka yanke shawara ni da matata: tsoho ya zauna a gida, kada ya haɗu da hukuma ko a mafarki, a yi aikin, ya koma da idonsa. In aka kama shi kafin nan, ba aiki, ba dawowa.

Wanda bai zauna da surukinsa a afatmen mai ɗaki biyu ba bai san wahala ba. A can gida akwai zaure, akwai bayan gida, akwai gindin bishiya da mutum zai raɓe. A nan ƙofa ɗaya ce, bayi ɗaya. Da safe in durƙusa a bakin ɗakinsa in gaishe shi, kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon bango. Ba na cin abinci a gabansa. In na dawo aiki na hango shi a falo ta taga, sai in zauna a mota in kunna rediyo har ya shiga ciki. In yana da magana da ni, 'yarsa yake gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. "Ki ce wa Malam famfon nan yana zuba." Ni kuma in ce mata, "Ki ce wa Baba za a gyara." Sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakina ba. Akwai wani yaro ɗan Tawa a wurin aikinmu mai irin sunan, shi ma mai sunan Baba nake kiransa. Yaranmu suna ganin abin kamar hauka. Ba hauka ba ne, haka aka raine mu.

Wata Asabar a watan Maris na 2006, bayan azahar, ƙasa ta girgiza. Gilashin taga ya yi kuka. Kafin in miƙe aka sake, sai kuma wata ƙara a jere kamar ana yayyaga kwano. Na fito daga ɗaki da gudu. Abin da na gani a falo shi ne surukina kwance rub da ciki a bayan kujera, ya danne kan ƙaramin ɗana da hannu, yana cewa, "Ku kwanta. Ku kwanta, kada wanda ya ɗaga kai." Na juya na fita waje kafin ya san na gan shi a haka.

Daga wurin ajiye motoci na kira wani abokina Bakano, direban tasi. Shi ba abin da ke faruwa a garin bai sani ba.

"Kai Badamagare, har ka shige ƙarƙashin gado?" in ji shi. "Ku da kakanninku suka jawo igwa har bakin Kano, yau ƙararta ce ta sa ka gudawa?"

"Bar wasa. Mene ne wannan?"

"Ai wasan ne. Shekara ɗari biyu da ashirin da biyar ke nan da mutanen ƙasar nan suka gwabza da Turawan Ingila, nan bayan gidanku. Shi suke tunawa. Duk shekara suna yi, bana ne suka cika gari. Tun jiya nake kwaso masu wasan daga otal, da jajayen riguna da bindigogi kamar taɓare. Ɗazu na ɗauko wani janar yana cin sanwici, yana ɗiga wa lambobinsa miya."

"Da harsashi suke yi?"

"Albarushi zalla. Su harba, su faɗi su mutu, a buga ganga su tashi su je su sayi askirim. Gobe ma akwai. Ka kai tsohon naka mana, ku zauna kujera ɗaya ku ci gugguru."

Ya yi dariya har da tari. Na kashe waya.

Matata ta yi wa mahaifinta bayani. Bai ci abincin yamma ba. Bayan magariba ina ɗaki na ji muryarsa. "Ki ce wa Malam ya kai ni gobe in gani."

Da ta shigo na ce mata ba zai yiwu ba. Wurin taro ne, 'yan sanda ne ko'ina. Ita kuma tana da aiki ranar Lahadi a gidan kula da tsofaffi, ba za ta bi mu ba.

"To, kai ka gaya masa," in ji ta.

Ta san ba zan iya ba. Ta zauna a bakin gado tana ninke kayan aikinta, ta ce wata nawa ke nan yana kulle kamar kazar kwanci. Ta ce in bai ga abin da idonsa ba, ba zai yi barci ba. Na san tsohon soja ne, amma ranar ta gaya mini aikinsa a yaƙin basasa. Bai riƙe bindiga ba. Yana cikin masu ɗaukar gado, su ne ke shiga ƙarƙashin wuta su jawo waɗanda aka harba. Ta ce ita ma a bakin mahaifiyarta ta ji, shi bai taɓa faɗa ba.

"Ku tsaya daga baya," in ji ta. "Ya gani, ku dawo. Baban yara, kada ka bar shi ya yi nisa da kai."

Lahadi na kai yara Islamiyya a East Greensboro na dawo. Na tarar ya shirya: farin kaftani, hula, baƙin tabarau na asibiti, da tsohuwar jaket ɗina a sama. Na so a ce wando da riga ya sa kamar kowa. Lokacin ana yaƙi a Iraƙi, mai gemu da kaftani ba ya wucewa ba a kalle shi ba. Amma wa zai gaya masa? Fasfonsa na bar shi a gida da gangan. Ya shiga kujerar baya. Har muka isa ba abin da ke magana a motar sai sigina.

Mutane kamar kasuwa. 'Yan sanda suna nuna wa motoci hanya, ni kuma duk wanda na wuce sai in kawar da kai. Matata ce ke riƙe masa hannu in za su asibiti. Ni ba dama. Sai na bi shi a baya kaɗan, ta gefen idon mai gani, ina cewa ƙasa-ƙasa, "Baba, akwai saiwa. Baba, akwai rami."

Mun bi ta cikin itatuwa. Akwai gunkin wani mutum a kan doki, an ce janar ɗin da aka sa wa garin sunansa ne, an jibge furanni a gindinsa. Akwai duwatsu masu rubutu nan da can. Baba ya tsaya a gaban ɗaya ya tambayi iska, "Nan aka rufe su?" Na tambayi wata tsohuwar Baturiya da ta yi shigar mutanen da. Ta ce kaɗan ne aka san inda suke, sauran suna cikin dajin nan ba alama. Na faɗa wa ƙasa abin da ta ce.

"Haka ake yi," in ji shi.

Gaba kaɗan masu wasan sun kafa tantuna, mata da dogayen riguna suna girki da icce. Ya ɗan murmusa. "Ashe su ma sun san murhu." Sai muka zo tantin wanda ke wasan likita, ya baje zarto da wuƙaƙe da tsummoki a kan tebur. Baba ya kai yatsa ya taɓa haƙoran zarton, ya janye, ya goge yatsan a jikin jaket. Murmushin ya tafi. A nan na so mu juya, na yi ta juya maganar a bakina, ba ta fito ba.

Filin wasan an kewaye shi da igiya. Na yi niyyar mu tsaya a baya kamar yadda aka ce mini. Amma Turawan nan, da suka ga tsoho da tabarau, sai suka riƙa darewa suna ba shi hanya, suna murmushi, har suka kai mu bakin igiya. Alheri ne suka yi. Wani yana bayani a lasifika, rabi nake ji. Na gane dai Ingila ce ta ci filin ranar, amma mutanen da ta rasa sun sa cin bai yi mata rana ba.

Aka fara kiɗan ganga da sarewa. Masu jajayen riguna suka fito daga itatuwa, sahu-sahu, kafaɗa da kafaɗa kamar masu salla. Baba ya karkata kai don idon dama ya kama su.

"Ja a cikin daji?" in ji shi. "Kuma a tsaye? Waɗannan ba a son su a gida."

Na ji sanyi a raina. Na ce tunda har yana ba'a, lafiya za mu koma.

Sai igwa ta tashi. A gida taga ce ta ji ta, a nan ƙirjina ne ya ji. Bindigogi suka amsa gaba ɗaya. Hayaƙi fari ya rufe filin ya taho kanmu, da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Mutane suka fara zubewa, 'yan kallo suna tafi, yara suna toshe kunne suna dariya. Na saci kallon Baba. Ya kama igiya da hannu biyu, leɓensa yana motsi.

Wani ƙato mai jar riga ya faɗi ba nisa da inda muke. Sauran in sun faɗi sai su kwanta shiru, wasu ma su gyara hula ta kare musu rana. Wannan ya iya wasa, Allah ya isa. Ya riƙe ciki yana birgima, yana jan jiki da gwiwar hannu, yana ihu a ba shi ruwa, yana kiran uwarsa. Mutane suka juya masa kyamarori.

"Ba mai ɗaukarsa?" in ji Baba.

"Baba, wasa ne," na ce, ina kallon takalmina.

"Ina masu gado?"

Ya ɗaga igiya. Hannun jaket ɗin ya goga a hannuna. Na ga hannuna ya tashi, ya buɗe, ya tsaya a iska. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa taɓa jikinsa ba, hannun bai san yadda ake yi ba. Kafin ya koya, Baba ya shiga.

Mutumin da nake gaya wa akwai saiwa, akwai rami, shi ne ya duƙa yana gudu kamar saurayi, yana karkacewa hagu da dama. Ya ratsa ta gaban igwa, ga mai kunna ta tsaye da wuta a kan sanda. Aka ɗau ihu. Mai lasifika ya riƙa maimaita magana ɗaya, gangunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na tsallake igiya na bi shi.

Na same shi ya cafki ƙaton nan ta wuyan riga yana jan sa da baya zuwa itatuwa. Mutumin ya bar ihun wasa ya koma na gaske, yana shure-shure. Baba ya durƙusa a kansa ya fizge maɓallan rigar, yana laluben ƙirjinsa da cikinsa yana neman inda jinin yake. Tabarau ya faɗi, hula ta faɗi. Na durƙusa a gefe ina cewa Baba, Baba. Bai san ina duniya ba.

'Yan sanda biyu suka iso, namiji Bature da mace baƙa. Namijin ya kama kafaɗarsa. Baba ya make shi da gwiwar hannu ko juyowa bai yi ba, kamar mai korar akuya daga kan tsaba. Na ga hannun ɗan sandan ya tafi ƙugu. A nan na rungumi surukina ta baya na ɗaga shi sama. Ba nauyi ko kaɗan, kamar damin kara. Yana ta harbin iska yana cewa, "Da ransa, da ransa, ku bar ni." Haka na fita da shi a gaban dubban mutane, ba mai ko tari.

Suka kai mu bayan motar asibiti, suka zaunar da shi a kan matakinta. Hannuwansa suna aiki a kan gwiwa kamar yana ɗaure wani abu. Macen ta fitar da ɗan littafi. Na ba ta lasin tuƙina, ni takarduna lafiya lau. Ta ce ina nasa. Na ce yana gida. Ta ce wane ne shi a wurinka. Na ce mahaifin matata. Gida ɗaya kuke? Na ce gida ɗaya.

"Sunansa?"

Sunan yana nan a kan harshena, na san shi kamar nawa. Amma ga mai sunan zaune a gabana, ba hula, ƙasa a gemunsa. Na ce mata tsoho ne, ba shi da lafiya, ba ya gani sosai.

"Na ji. Sunansa?"

Na yi shiru. Ta duƙa ta tambaye shi da kansa. Baba yana jin Turancin barikin soja, amma ranar ba wanda ke cikin idon nan. Ta miƙe ta dube ni, fuskar ta sauya.

Namijin yana murza haƙarƙarinsa. Ya ce, "Gida ɗaya kuke, ka auri 'yarsa, ba ka san sunansa ba?"

Na ce na sani. Na miƙa hannu ina nuna bironta, in rubuta mata. Ta ja da baya, shi kuma ya ce in ajiye hannuwana inda zai gan su. Ta ce, "Ba rubutu na ce ba. Ka faɗa da baki."

Yaya zan yi musu bayani? Turancina na wurin aiki ne: ɗaga, sauke, kawo, obataim. Ba ni da kalmar kunya a cikinsa. Abin da suke gani, mutum biyu baƙi, ɗaya da kaftani ya ruga wajen igwa mai albarushi, ɗayan ya ƙi faɗin ko wane ne. Ko ni ne ɗan sandan ba zan sake su ba.

Namijin ya karkata baki ya yi magana a rediyon kafaɗarsa. Sannan ya ce mini, a hankali don in gane, tunda ba takarda ba suna, za su tafi da shi ofis a ɗauki zanen yatsunsa a san ko wane ne. Wannan na gane shi sarai. Duk ɗan Afirka a Greensboro ya san inda zanen yatsu ke kai mutum.

Na faɗi sunan. A can filin sun riga sun koma wasansu, ganguna sun tashi, ba ta ji ba.

"Ɗaga murya."

Na rufe ido na faɗa da ƙarfi, sunansa da na mahaifinsa, tsirara, ba Malam ba Alhaji.

Baba ya zabura ya miƙe, dugadugansa suka haɗu. "Sa!" in ji shi, kamar soja a gaban ofisa.

Sai ya ga ni ne. Idon nan guda ya tsaya a kaina, ni ma na kasa sunkuyawa. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai, ashe yana da tabo a gira. Ya dubi hannuwansa, ya dubi kakin 'yan sandan, ya ce innalillahi. Ya juya ga macen ya ba ta haƙuri da Turancinsa na bariki, ya koma ya zauna a hankali.

Ta sa na maimaita sunan harafi-harafi. Na maimaita. Wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi. Ta tambaye ni ko soja ne. Na ce da daɗewa, a Afirka, mai ɗaukar waɗanda aka harba. Ta daina rubutu ta dube shi.

Ƙaton mai jar riga ya zo, rigar a buɗe ba maɓalli, wuyansa ya kuje. Ya kawo hular da tabarau. Ya ce wa 'yan sandan shi ba shi da ƙara. Ya miƙa wa Baba kayan da hannu biyu, ya tafi. Namijin ya ce ƙara ko ba ƙara, an shiga gaban igwa mai wuta, an kuma taɓa ɗan sanda, ba zai iya cewa bai gani ba. Ya karɓi littafin ya tafi motarsa da sunan.

Ban san tsawon lokacin da ya yi ba. Ina hango shi ta gilashi yana danna kwamfuta. Na karanta duk abin da na haddace, na koma farko. Ina tunanin da wane baki zan kira matata. A filin aka yi wata babbar ƙara, jama'a suka ɗau tafi, ina jin an gama kashe kowa.

Ya dawo da takarda. Bai fito da ankwa ba. Ya ce kotu, watan Afrilu, kada a fasa zuwa, kuma a zo da shaidar ko wane ne. Baba ya sa hannu inda aka nuna masa. "Ku tafi gida," in ji macen.

Mun yi nisa a kan titi kafin ya yi magana, kuma da ni ya yi, ba da iska ba.

"Malam, na san wasa ne. Har lokacin da ya kira uwarsa na sani. Ƙafata ce ba ta sani ba."

Na ce Allah ya kiyaye gaba. Na ce ya yafe mini sunan.

"Da me za ka kira ni? Shi aka raɗa mini."

Matata ta karanta takardar a tsaye, da kayan aiki a jikinta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kawai, "Afrilu. Aikin kuma Mayu." Ta shiga bayi ta buɗe famfo.

Muka roƙi likita ya jawo aikin baya, ya ce sukarin bai yarda ba, ba zai yanka ido a haka ba. Muka ga lauya. Ya ce ƙaramar magana ce, tara ce, mai yiwuwa ba wanda zai duba hatimin fasfo. Na ce ka rantse. Ya ce aikinsa ba rantsuwa ba ne. In kuma ba a je ba, za a ba da takardar kamu, ga adireshinmu a hannunsu. A masallaci kowa ya zama alƙali. Abokina Bakano ya ce a je, ba abin da zai faru, shi ya je kotun nan ya fi a ƙirga. Wani ya ce akwai ɗan garinsu a McLeansville da ya je biyan tarar mota, har yau 'ya'yansa ba su gan shi ba. Na tambayi sunan mutumin, ba wanda ya sani, amma labarin ya riga ya shiga gidana.

Baba ne ya raba gardama. Bayan sallar asuba ya kira ni ɗakinsa, ya nuna mini bakin gado. Na zauna a ƙasa. 'Yarsa tana tsaye a ƙofa.

"Malam, ka saya mini tikiti."

"Baba, idon fa?" in ji ta.

"Ido na Allah ne. Na sa kakin gwamnati na cire lafiya, ba a taɓa rufe ni ko na wuni ba. Ba za a sa mini ankwa a gaban jikokina ba."

Ban san inda na samo bakin ba. Na ce Baba, lauya ya ce tara ce. Na ce zan tsaya kusa da shi a kotun, in sun tambaya ni zan amsa. Na ce 'yan makonni ne suka rage, mun yi haƙurin watanni, kada a zubar a bakin gaɓa. Ya bar ni na gama.

"In lauyan ya yi kuskure, shi za a rufe?"

Bai jira amsata ba.

"Ka ɗauke ni sau ɗaya, ya isa. Ka saya."

Na saya. Ya tafi kafin ranar kotu, da jaka cike da maganin ɗigawa da wasiƙar likita zuwa ga duk likitan da zai samu a Kano. Lauya ya je kotun shi kaɗai da shaidar cewa mutumin ya bar ƙasar. Ya kira ni da rana ina cikin tirela. Ya ce an rufe magana, alƙali ko kai bai ɗaga ba, ba wanda ya tambayi fasfo ko biza. Ya fara cewa da tsohon ya tsaya, na ce ina aiki, na kashe. Da yamma na gaya wa matata yadda aka yi. Tana yanka albasa, ta ci gaba da yankawa.

A Kano sun yi ƙoƙarinsu. Muna aika maganin duk lokacin da aka samu mai tafiya. Idon ya riƙe shekara ɗaya da wani abu, yana raguwa. In mun kira, bayan ya gama da 'yarsa da jikoki sai ya ce a ba Malam, ya tambaye ni aiki, ya tambaye ni baya, don ya san bayana na ciwo. Bai taɓa ce mini ga halin da idon ke ciki ba.

Ƙanin matata ne ya faɗa, wata safiya da ya kira neman wani abu daban. A tsakiyar magana ya ce ai Baba yanzu sai da sanda, shi ke jan sa zuwa masallaci tun kafin azumi, ya ɗauka mun sani. Matata ta ce to. Ta ce a gaishe shi. Ta ajiye wayar a kan tebur, ta ɗauki makullin mota, ta ce mini in tabbata yara sun ci abinci kafin motar makaranta ta zo. Ni ma ina da lodi ranar, na tashe su.